Farantin da Tabawa Ta Shafa wa Mai

Ku gyara zama, kowa ya kife wayarsa, domin labarin nan in ya ƙare ku za ku yanke hukuncinsa.

A Wudil, cikin wani lungu da ke gangarawa bakin kogi, akwai wata mata ana ce mata Tabawa mai masa. Shekara ashirin da bakwai tana suya a ƙofar gida. Mace ce mai tsafta da yawan fargaba, irin wadda in yaro ya yi tari sau biyu ta riga ta hango gadon asibiti. Mijinta Malam Mudi mai gyaran agogo ne. Da mutane suka koma duba lokaci a waya, sana'a ta ja baya, sai ya sayo wata na'ura ya girke a zauren gidan. Firinta ake ce mata, amma ba ta takarda ba ce. Zaren roba ake sa mata, ta narka shi, ta riƙa zuba shi siriri-siriri a kan wani faranti, shimfiɗa bisa shimfiɗa, har abu ya tashi tsaye. Da ita yake yi wa mutane maɓallin rediyo, da marfin rimot, da mazaunin waya.

Farantin nan ƙarfe ne falle ɗaya mai lanƙwasuwa, ruwan zinare, fuskarsa da kaushi kamar harshen kyanwa. Malam Mudi yana ji da shi fiye da hular Juma'arsa. Ba ya taɓa tsakiyarsa, gefe da gefe yake riƙewa, kuma shi yake wanke abinsa da kansa. Bai taɓa bari Tabawa ta taɓa ba, bai kuma taɓa gaya mata dalili ba. Abin yana ɗan sosa mata rai, ita da babu kwanon da ya taɓa shigowa gidan nan bai bi ta hannunta ba.

'Ya'yansu uku, duk sun girma. Babban shi ne Nafi'u, mai haɗa wa mutane wutar sola, wanda Tabawa ba ta kiran sunansa saboda ɗan fari ne, sai dai ta ce Yayansu. Sai Barira, tana aure a unguwar gaba, tana aiki a kemis, a lokacin tana da ciki wata huɗu. Sai auta Suwaiba, mai ɗinkin hula. Kowannensu ya taɓa zama kusa da uban yana aiki, kowa ya tsinci wani abu, amma babu wanda ya tsince duka.

Wata safiya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Malam Mudi. Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi, sai dai harshe ya yi nauyi, hannun dama kuma yana ɗagawa har baki amma yatsun ba sa rufewa. Nan matsalar ta taso. Malam ya ƙi cin abinci da hagu. Liman ya zo har gida ya gaya masa mai lalura ba shi da laifi, ya saurara da ladabi, liman na fita ya ture kwanon. Tabawa ta ce to bari ta ba shi a baki, ya juya fuska bango. An sayo masa wani cokali mai madauri na roba a kasuwa, santsinsa ya sa yana zamewa daga hannun, miya ta zube masa a riga a gaban baƙi, bai sake yarda an kawo shi kusa ba. Kunu kaɗai yake kurɓa. Mutum yana ramewa a kan idonta, ƙashin wuya duk ya fito.

Ranar Alhamis da suka je asibiti gashin ƙashi, likita ya ɗora shi a ma'auni ya girgiza kai. Ya ce in suka dawo Alhamis mai zuwa ba ya ci, za a zura masa roba ta hanci a riƙa ɗura masa abinci. Tabawa ta san mijinta. Wanda ya ƙi cokali daga hannun matarsa, in aka zura masa roba baƙin ciki ne zai ƙarasa shi. Ma'aikaciyar da ke yi masa gashi ta ji suna da firinta a gida, sai ta tura wa Barira wani zane a waya. Wani ɗan madauri ne da ake bugawa a shimfiɗe, da gurbin babban yatsa da tsagu biyu na soka cokali. In an buga sai a tsoma shi a ruwan zafi ya yi laushi, a naɗa shi daidai tafin hannun mai shi.

To, kafin a kai ga buga shi, akwai abin da ya faru. Tun da Malam ya kwanta Nafi'u ke ƙarasa ayyukan da mutane suka bari. Shi mutum ne mai gaggawa. Na'ura na tsayawa, faranti da zafinsa, sai ya sa wuƙa yana ɓamɓarar abin da aka buga. Ranar Asabar wuƙar ta kuɓuce ta yanke shi a babban yatsa, Tabawa ta ga jini a ƙasan zaure, hankalinta ya tashi. Ta kwana tana juya abin a ranta. Ita a sana'arta babu abin ƙi kamar kamu. In masa ta kama tanda, ba wuƙa ake sa mata ba, mai ake shafawa.

Washegari da ta sauke suya ta shiga zauren don yin shara. Malam yana kwance a tabarma, nan ake fito da shi ya sha iska. Ta ɗauko tsumman tandarta, ta dangwalo man gyaɗa, ta ciro farantin ta shiga goga masa, tana bin kaushin nan sosai don man ya shiga ko'ina. Malam ya fara gurnani yana bugun tabarma da hagu. Ta ajiye ta kawo masa ruwa, ya ture. Ta gyara masa matashi. Ta ce, "Yi haƙuri Malam, yanzu zan gama in ba ka wuri." Ta juya ɗaya fuskar farantin, ita ma ta shafe ta tas, don Tabawa ba ta rabin aiki. Suwaiba ta wuce ta ga uwar da tsumma a hannu, ta ɗan tsaya, sai ta ce a ranta ƙura take gogewa, ta wuce abinta.

Ranar Litinin su ukun suka taru za a buga madaurin. Aka kunna na'ura, bakinta ya sauko ya fara zuba roba, amma robar ta ƙi zama. Sai ta bi bakin tana jan jiki, ta cukuikuye kamar taliyar da ta kwana. Aka sake, haka. Barira ta tuna Baba yakan ɗan sauke bakin ƙasa saboda robar ta shiga cikin kaushin, ta sauke, bai yi ba, ta ƙara saukewa har bakin ya karce kusurwar farantin. Zare yana ta tafiya a banza. Tabawa tana tsaye a bakin ƙofa tana jan carbi, ko kusa ba ta kawo aikinta a rai ba. Tunaninta ya tafi kan baƙin da suka riƙa shigowa dubiya suna kallon na'urar, ko wani ne ya yi mata baki.

Yanzu ku ji abin da kowannensu ya yi.

Barira ce ta fara. Ranar Talata da safe ta zo da wuri ta kunna na'urar, ta sunkuya tana duba karcen jiya. Faranti na ɗaukar zafi sai zuciyarta ta tashi, ta fita da gudu bayan gida. Tun da ta sami cikin nan ba ta shiri da ƙamshin suya, ko ƙofar gidan ba ta bi sai an sauke tanda. Ta dawo tana goge baki, ta tsaya tana kallon uwar.

"Inna, farantin nan ƙaurin masa yake yi."

"Au, har kin ji? Ni na ɗan shafa masa mai shekaranjiya. Kar Yayanku ya ƙarasa yanke yatsun."

Nafi'u ya buɗe baki, Barira ta take masa ƙafa. Ta jawo kujera ta zaunar da uwar, ta ce mata a hankali, "Inna, tandarki so ake ta saki. Wannan so ake ya kama. Kaushin nan da kike gani, shi ne haƙoransa."

Tabawa ta waiwaya ta dubi Malam a tabarma. Sai a lokacin ta gane abin da yake bugun ƙasa a kai. Ta tashi, ta dawo da toka da soson waya ta ce a ba ta ta gyara ɓarnarta. Barira ta karɓe su ta ajiye, ta ce soson waya zai cinye kaushin, in ya tafi kuwa ba ya dawowa. Nafi'u ya ce a goge da sifirit kamar yadda Baba ke yi. Ta ce sifirit na shatin yatsa ne, wannan man in aka sa masa sai dai ya ƙara bin ramukan. Ta bari farantin ya huce, ta sa aka ɗumama ruwa, ta aika aka sayo sabon soso mai laushi wanda bai taɓa ganin tukunya ba, da sabulun ruwa na wanke-wanke. Ta wanke, ta ɗauraye, ta sake, har sau huɗu, tana shinshinawa duk da zuciyarta na tashi, sai da hancinta ya daina jin komai. Ta tsane shi da farin ƙyalle, ta riƙo shi gefe da gefe kamar hoton ƙirji na asibiti, ta mayar. Ta gyara tsayin bakin yadda yake a da, da ɗan dannawa kaɗan. Shimfiɗar farko ta kwanta lif, kamar an yi mata guga.

Murna ba ta daɗe ba. An yi kamar awa ɗaya ana bugu aka ɗauke wuta. Suka zauna jira, don na'urar tana iya ci gaba daga inda ta tsaya. Da wuta ta dawo bayan azahar, baki na taɓa aikin sai ya zame gefe kamar ba a taɓa manna shi ba. Aka duba kwarkwaron zaren, abin da ya rage bai wuce na bugu ɗaya ba. Mai kawo wa Malam zare daga Legas ya ce sai nan da kwana goma. Alhamis kuwa jibi.

Sai Nafi'u. Shi ne ya zauna da ɓarin madaurin a hannu, har ya gano cewa ba sauran mai ba ne. Ya ce farantin nan da zafi yake kamu, in ya huce sakin kaya yake yi, kuma awa huɗun da aikin ke ci ba za a taɓa samunsu a jere a layinsu ba. Da yammar nan ya tafi gidansa ya kwance batiransa biyu da injin juya wuta da faifan solarsa, ya bar matarsa da fitilar waya, ya turo su a baro har lungun. Laraba da hantsi ya haɗa komai. Ya rufe tagar zauren, ya kashe fanka, ya toshe ƙasan ƙofa da buhu, ya ce iska ma in ta bugi gefen farantin sai aikin ya ɗaga kunne. Aka mayar da Malam tsakar gida. Shi kaɗai ya zauna cikin zafin nan, gumi har yana ɗiga daga gemunsa, idonsa a kan ma'aunin batir. Sau biyu aka ɗauke wuta, na'ura ko gezau. Saura rabin awa batir ya fara kuka, rana kuma ta juya ta bar faifan a inuwar katanga. Ya fita ya ciccibi faifan ya hau kan katangar, ya riƙe shi a ƙirji yana fuskantar rana, ƙarfen yana ƙona masa hannu, bai sauko ba sai da Barira ta leƙo ta ce an gama. Tabawa tana ƙasa tana ta cewa a hankali, a hankali, ba ta ma san ta kira sunansa ba.

Sai Suwaiba, ita nata kashi biyu ne, ɗaya kafin a fara ɗaya bayan an gama. Daren Talata da magariba ta ɗauki ɓarin madaurin da ya lalace tana juyawa. Mai ɗinkin hula da yatsa take gani. Ta ji saman sumul yake, ƙasan kuwa, inda ya kwanta a faranti, ya kwashe kaushin farantin kaf. Ta ɗora a tafinta ta gefen santsin, ya zame. Ta juya gefen kaushin, ya tsaya. Ta duba zanen ta ga yadda aka kwantar da shi, gefen santsin ne zai taɓa tafin Baba, tafin da ke gumi kuma ba ya damƙa. Za a sake abin da cokalin kasuwa ya yi ke nan, Baba kuwa ba zai ba su dama ta uku ba. Da safe ta ce a kifa zanen. Yayyen suka ce auta ta bar musu aikin asibiti yadda aka turo. Ba ta ɗaga murya ba, ta kamo hannun Barira ta ɗora mata ɓarin ta kowane gefe. Barira ta kifa zanen.

Da na'ura ta tsaya bayan la'asar, Nafi'u ya sauko daga katanga a gajiye, ya shigo da wuƙarsa a hannu, yana cewa a yi a gama kafin Baba ya yi barci. Suwaiba ta tsaya tsakaninsa da na'urar.

"Yaya, kai ka ce da zafi yake kamu."

"Ni na ce. Matsa, gefe ɗaya zan ɗan ɗaga."

"Abin bai kai kaurin hula ba. In ya tsage, da wane zare za mu sake? Ba ni wuƙar, Inna na nema za ta yanka albasa."

Ya dube ta, ya dubi yatsansa mai bandeji, ya miƙa mata. Ta buɗe taga, ta ɗauke farantin ta gefe ta ɗora a kan siminti, ta zauna a gabansa ta naɗe ƙafa. Tabawa ta ce ko a yi masa fifita, ko a yayyafa ruwan randa, ta ce a'a Inna, a bar shi. Minti goma sha biyar nan sun yi wa Tabawa tsawon wuni. Can sai suka ji ƙas, ƙas, ƙas, ƙasa-ƙasa, kamar gawayi na hucewa. Suwaiba ta ɗaga farantin ta ɗan lanƙwasa shi, madaurin ya zamo ya faɗo mata a cinya, lafiyayye. Ta tsoma shi a ruwan zafi, ta shimfiɗa ƙyalle a hannun uban, ta naɗa ta riƙe har ya sandare. Ta zare ƙyallen, ta mayar da madaurin, ta soka cokali.

Tabawa ta gutsuttsura masa a kwano ta zuba miyar taushe, ta ajiye a gabansa, ta ce wa yaran kowa ya juya baya. Ita ma ta juya, amma kunnenta na can. Ta ji cokali ya taɓa kwano. Ta ji shiru. Ta sake jin cokali. Da ta kasa daurewa ta waiga, Malam yana tauna, madaurin yana nan daram a tafinsa. Masa uku ya ci a zaman nan. Ranar Alhamis nauyinsa bai ƙaru ba, amma likita ya sa aka kawo shinkafa ya ci a gabansa, ya ce a bar maganar roba.

Bayan mako biyu, wata Juma'a da yamma duk suna tsakar gida, Malam ya yi nuni a ɗauko masa akwatin kayan aikinsa. A ciki akwai madubin idonsa na gyaran agogo, da ƙananan sukundireba da ya gada wurin ubansa, da makullin zauren. Ya tura makullin da bakin cokali har gaban Tabawa. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito.

"Wanda... ya maido hannun. Ke... ki ba shi."

Ta ce Malam a raba mana, wannan ya ɗauki akwati, wannan na'ura. Ya girgiza kai, ya ɗaga yatsa ɗaya na hagu. Nafi'u ya yi dariya ya ce a duba tabon ƙunar da ke hannunsa. Barira ta ce tabo ai na wuƙa ya riga shi. Suwaiba ta ce ita dai ba ta ce komai ba, amma kowa ya duba gefen da ke taɓa hannun Baba. Suka yi ta raha, amma Tabawa ta ga yadda kowannensu ke satar kallon makullin.

Ta ƙulle shi a haɓar zanenta. Har yau yana nan, in tana juya masa tana jin nauyinsa a ƙugu.

In ta ce Barira, sai ta tuna ba don hancinta da wankinta ba da har zaren ya ƙare ana zargin baƙi, kuma ita ce ta rufa mata asiri a gaban 'yan'uwanta. Amma hancin nan cikin ne ya ba ta, kuma ita ta karce farantin ta ɓarnatar da zare ranar Litinin.

In ta ce Yayansu, sai ta gan shi a kan katanga da faifai a ƙirji. Faranti mai tsabta bai hana aikin zamewa ba ranar Talata, shi ya gano dalili, shi ya bar gidansa a duhu. Amma wuƙarsa ce ta jawo man tun farko, kuma da an bar shi da ita da ya tsage aikin.

In ta ce auta, ta san ba don ita ba da an buga abin lafiya ya zame daga hannun Malam, duk wahalar ta tashi a banza, kuma ita ta tare wuƙar. Amma ita ce ta ga tsumma a hannun uwarta ranar Lahadi ta wuce, alhali tambaya ɗaya ta isa.

Tabawa ta ce ita da ta shafa man ba ta da bakin zaɓe, Malam kuwa ya ce ita za ta zaɓa, kuma zauren yana rufe, masu rediyo suna ta zuwa suna komawa.

To, ku da kuka ji yadda aka yi, cikin su ukun nan wa za ta kwance wa makullin?